RA'AYINMU: Halo ya riƙe tafiyarsa, ya bar bin sawun Call of Duty

A ranar 24 ga watan Oktoba na shekarar 2025 ne kamfanin Microsoft na ƙasar Amurka ya ba da sanarwar cewa an sake gina wasan Halo na farko tun daga tushe, an raɗa masa suna Halo: Campaign Evolved, aka kuma sa shekarar 2026 a matsayin lokacin fitowarsa. Abubuwa biyu ne suka ja hankalin jama'a a cikin wannan sanarwa. Na farko, an ce a karo na farko Halo zai hau na'urar PlayStation 5 ta kamfanin Sony, wato babban abokin hamayyar Xbox, abin da a da ko a mafarki ba a tsammani. Na biyu kuwa ƙarami ne a ido, amma shi ne ya fi tayar da ƙura: an ba jarumin wasan, Master Chief, damar sheƙawa a guje idan aka danna wani maɓalli, alhali a wasan asali na shekarar 2001 babu wannan gudu ko kaɗan.

Wani mai karatu zai iya cewa ina ruwan jarida da gudun wani sojan ƙarya a cikin akwatin talabijin? Amsa ita ce wasan bidiyo ya daɗe da wuce abin raina wa. Shi wannan kamfani na Microsoft ya biya kusan dala biliyan 69 a shekarar 2023 don ya sayi Activision Blizzard, masu wasan Call of Duty. Sannan a nan garuruwanmu, daga Yamai zuwa Maraɗi da Damagaram, gidajen gem sana'a ce da wasu ke ci da iyali da ita, kuma na'urar da aka fi samu a cikinsu ita ce PlayStation. Ke nan wasan da a da sai mai Xbox ko kwamfuta ke taɓa shi, yanzu an buɗe masa hanyar shigowa inda samarinmu ke taruwa. Ya kamata mu san abin da ake shirin sayar mana.

Ga wanda bai san Halo ba, wasa ne na harbe-harbe wanda ɗan wasa ke kallon fili ta idon sojan da yake sarrafawa, bindiga na gabansa. Kamfanin Bungie ne ya ƙirƙire shi, ya fito ranar 15 ga Nuwamba 2001 tare da na'urar Xbox ta farko, kuma shi ne ya ɗauki wannan na'ura a kafaɗa har ta samu gindin zama. Halo 2 ya biyo baya a 2004, ya koya wa masu na'urar wasa buga wasa da juna ta intanet. Halo 3 na 2007 kuwa ya yi cinikin dala miliyan 170 a Amurka kaɗai a ranar farko ta fitowarsa. A wancan zamani, in ana maganar wasan harbi a kan na'ura, da sunan Halo ake farawa.

Duk waɗannan wasanni uku babu maɓallin gudu a cikinsu. Soja yana da saurin tafiya ɗaya tak, kuma da wannan saurin yake yin gaba, ya yi baya, ya yi gefe, ya yi tsalle, bindigarsa kullum a ɗage tana shirye. Yana tafiya yana harbi, yana tsalle yana jefa gurneti, in abokin gaba ya matso ya kai masa duka da gindin bindiga. Bugu da ƙari, kowane soja na da garkuwa ta lantarki wadda sai an fasa ta kafin harsashi ya taɓa jiki, kuma in ya samu ya ɓuya na ƴan daƙiƙoƙi sai ta sake cika. Saboda haka a Halo ba a cika kashe mutum da harbi ɗaya ba. Da shahararriyar bindigar nan Battle Rifle sai an saita an danna sau huɗu, na ƙarshe a kai. Tsakanin harbin farko da na huɗu akwai kaucewa, akwai tsalle, akwai dabara, har wanda aka fara harbi yana iya juyowa ya ci nasara idan ya fi gwaninta. Wannan ɗan taƙi shi ne zuciyar Halo.

Idan masu bin wasan ba su manta ba, gudu ya fara shigowa ne a Halo: Reach na shekarar 2010, wasan ƙarshe da Bungie ya yi kafin ya miƙa ragama ga kamfanin 343 Industries. A Reach gudu zaɓi ne cikin zaɓuɓɓuka, kamar jakar tashi sama da sauransu, kuma daga baya masu shirya gasar ƙwararru ta MLG suka cire shi daga ƙa'idojinsu. Amma a Halo 4 na 2012 sai 343 ya ba kowa gudu, ya kuma bar kowa ya zaɓi makamansa kafin a shiga fili, kamar yadda ake yi a Call of Duty. Mako ɗaya bayan fitowar Halo 4 sai ga Call of Duty: Black Ops II, kuma cikin ƴan watanni yawan masu buga Halo 4 a intanet ya faɗi ƙwarai. Wanda ke son Call of Duty ya tafi ga na asali, wanda ke son Halo bai samu abin da ya sani ba. Halo 5 na 2015 ya ƙara a kai: gudu, zamiya a ƙasa, kama bakin katanga a haye, fizgewa gefe da ƙarfin injin baya, bangaza da kafaɗa, da dirowa daga sama a daki ƙasa.

To, mene ne laifin gudu? A ganinmu laifinsa uku ne, kuma dukkansu daga tushe ɗaya suke. Hausawa na cewa ba a haɗa gudu da susar ɗuwawu. Da zarar soja ya danna maɓallin gudu, sai ya sauke bindiga, kuma gaba kawai yake iya nufa. Ke nan an raba abin da a da yake haɗe: ko dai kana cikin cikakken sauri ba ka iya harbi, ko kana iya harbi amma ba ka cikin cikakken sauri. Wanda aka ce an ƙara masa ƴanci, a zahiri rage masa aka yi, domin a Halo 3 yana da saurinsa duka da bindigarsa duka a lokaci guda, kuma ta kowace fuska.

Laifi na biyu shi ne gudu ya zama ƙofar tsira ga wanda ya yi kuskure. A Call of Duty mutum na mutuwa cikin ƙiftawar ido, saboda haka wanda ya fito a guje da bindiga a ƙasa ya saka ransa a caca, kafin ya ɗaga ta an gama da shi. A can gudu yana da farashi. A Halo kuwa, da yake sai an harbe ka sau da dama, wanda ya shiga inda bai kamata ba sai ya juya ya ranta a na kare. Mai binsa kuma yana cikin tsaka mai wuya: in ya ci gaba da harbi an tsere masa, in ya bi a guje ya sauke tasa bindigar. Wanda ya fi dabara bai ci ladan dabararsa ba, wanda ya yi wauta bai biya kuɗin wautarsa ba.

Laifi na uku shi ne wanda ido bai cika gani ba, wato girman fili. Mai tsara filin daga yana auna daƙiƙa nawa ya kamata soja ya ɗauka daga wannan mafaka zuwa waccan, ko daga inda ya farfaɗo zuwa inda babban makami yake. In aka ba kowa gudu, dole a miƙar da filin don lissafin ya koma daidai. Masu wasa sun ga haka ƙarara a filin Midship na Halo 2, wanda aka sake ginawa a Halo 5 da sunan Truth, ya fito ya fi na asali faɗi. Sakamakon haka, lokacin da kake ɗauka ka ratsa fili bai ragu ba, sai dai yanzu kana ratsa shi da bindiga a sauke. Haka batun hawa katanga yake. Da zarar an ba kowa ikon kama baki ya haye, sai a ɗaga katangu su wuce tsalle, ya zama dole ka fuskanci bango ka bar abokin gaba a bayanka, alhali a da gwani yana tsalle da baya yana harbi, ya naɗe ƙafa a sama ya sauka inda yake so. An ba mutum jin sauri a jiki, amma a agogo babu abin da ya ƙaru.

Hujja mafi ƙarfi a kan cewa gudu bai zauna wa Halo daidai ba ita ce irin facin da masu wasan suka yi ta yi masa da hannunsu. A Halo 4, in aka harbi mai gudu sai saurinsa ya ragu. A Halo 5, garkuwa ba ta sake cika matuƙar mutum na gudu. A Halo Infinite na 2021 kuwa sai aka rage gudun har ya zama kaɗan ne ya ɗara tafiya, aka kuma cire bangaza da dirowa daga sama baki ɗaya. Wasa uku, magani uku, cuta ɗaya. Rigar da sai an yi ta rage ta ana ƙara ta a kowace salla, da ma ba a jikin mai ita aka auna ba.

Abin lura kuma shi ne shi kansa Call of Duty da ake kwaikwayo bai tsaya wuri ɗaya ba. A 2014 ya kawo sulken tsalle sama a Advanced Warfare, a 2015 ya kawo gudu a jikin bango a Black Ops III, a 2016 masoyansa suka yi wa tallan Infinite Warfare ruwan suka, har a 2017 ya dawo da sojojinsa ƙasa a wasan Yaƙin Duniya na Biyu. A 2024 kuma Black Ops 6 ya kawo tsarin da mutum ke iya gudu da zamiya da faɗuwa ta kowace fuska. Shi yana fitowa duk shekara, in wannan bai karɓu ba na baɗi zai gyara. Halo kuwa shekara shida aka yi tsakanin Halo 5 da Infinite. Wanda ke fitowa sau ɗaya a shekara shida ba zai iya bin yayin wanda ke sauya riga duk shekara ba, kafin ya iso kasuwa ta watse. Kuma tun 2023 duka wasannin biyu na gida ɗaya ne. Wane amfani Microsoft zai samu in ya kashe kuɗi ya mai da Halo ƙanen Call of Duty, alhali yayan yana hannunsa?

Adalci ya sa mu saurari ɗaya ɓangaren, domin su ma suna da magana. Suna cewa yaran da suka tashi da Call of Duty da Apex Legends da Fortnite, wanda shi ma ya ƙara gudu da hawa katanga a 2022, da sun riƙe hannun wasa babban yatsansu ke neman maɓallin gudu, in babu sai su ce wasan na tsofaffi ne su ajiye. Suna kuma tambaya, ta yaya sojan da aka ce ya fi kowane ɗan Adam ƙarfi zai kasa gudu? Wannan damuwa ce ta gaskiya, kuma kamfani ba zai rayu da ƴan shekara 40 masu begen jiya kaɗai ba. Sai dai akwai misalan da ke nuna cewa rashin maɓallin gudu ba ya nufin nawa. Wasan Doom na 2016 ya ba sojansa sauri mai yawa a tafiyarsa ta kullum, bindiga a ɗage, ya kuma karɓu a wurin sababbin ƴan wasa. Counter-Strike ya haura shekara 20 yana cikin wasannin harbi da aka fi bugawa a duniya, kuma babu wannan maɓalli a cikinsa. In sauri ake so, a ƙara saurin tafiyar kanta, a faɗaɗa abin da ido ke gani a allo, a bar bindiga inda take.

Haka nan ba za mu ɗora wa gudu dukkan laifin koma-bayan Halo ba. Tarin tsofaffin wasannin da aka fitar a 2014 da sunan The Master Chief Collection ya zo da matsalar haɗa ƴan wasa a intanet wadda ta ɗauki dogon lokaci kafin a shawo kanta. Halo Infinite ya samu ƴan wasa fiye da miliyan 20 zuwa Janairun 2022, amma ƙarancin sababbin filaye ya sa da yawa suka watse, kuma Forge, wato kayan da masu wasa ke gina nasu filayen da shi, sai bayan shekara guda ya iso. A Janairun 2023 ragin ma'aikatan Microsoft ya taɓa 343 sosai. A Oktoban 2024 aka sauya wa kamfanin suna zuwa Halo Studios, aka kuma ce an bar tsohon injin gina wasan an koma Unreal Engine 5. Duk waɗannan gaskiya ne. Amma filaye ana iya ƙara su gobe, intanet ana iya gyara shi jibi. Yadda soja ke tafiya shi ne harsashin gini, in ya karkace duk abin da aka ɗora a kai zai karkace.

Abin sha'awa shi ne Halo Infinite ɗin nan ya nuna hanyar fita da kansa. Ƙugiyar nan mai igiya da soja ke harbawa ta fizge shi zuwa saman gini ko kan motar abokan gaba, kusan kowa ya yaba mata, tsoho da yaro. Dalili kuwa shi ne a wasan gasa ba a haifi kowa da ita ba. Ajiye ta ake yi a fili, sai an yi faɗa a kanta, kuma tana ƙarewa bayan an yi amfani da ita ƴan lokuta. Wannan shi ne tsarin Halo tun asali: kowa ya fara daidai da kowa, fifiko kuma a fili ake ɗaukarsa, ko motar Warthog ce, ko ƙofar da ke ɓullar da mutum wani gefe kamar a filin Blood Gulch, ko injin cilla mutum sama na filin Valhalla. Sauri yana nan, amma sai an nema, kuma abokin gaba yana gani yana iya tare hanya. Masu kallon dambe za su fahimci wannan da wuri. Hannu ɗaya ake naɗe wa zare, ɗayan na tsaro ne. Ranar da aka ce a naɗe duka biyun don a burge baƙi, wataƙila a samu wasa mai kyau, amma an tashi daga dambe.

Masu Campaign Evolved sun ce wanda ba ya son gudu yana iya kashe shi a cikin saituna. Ga wasan labari, inda mutum ke yaƙi da kwamfuta shi kaɗai ko da abokansa, wannan sassauci ne mai kyau, ko da yake Jaime Griesemer, ɗaya daga cikin waɗanda suka tsara wasan 2001, ya fito fili ya nuna rashin jin daɗinsa da wasu sauye-sauyen da ya gani. Amma an bayyana cewa wannan fitowa ba ta ƙunshi karawa tsakanin ƴan wasa ba, ke nan an ɗage babbar tambayar ne zuwa gaba. A wasan gasa maɓallin kashewa ba zai yi aiki ba, domin fili ɗaya ba zai dace da mai gudu da marar gudu a lokaci guda ba. Taura biyu ba ta taunuwa. Dole wata rana Halo Studios ya zaɓa.

Mu a nan muna da ƙarin dalilai biyu na son tsohon tsari. Na farko shi ne intanet. Manyan kwamfutocin da ke haɗa ƴan wasa suna nesa da mu, saƙo na jinkiri kafin ya je ya dawo, kuma duk wasan da ya dogara ga zamiya da fizga cikin ƙiftawar ido, mai jinkirin layi ne ke shan kashi ko da ya fi iyawa. Wasan da faɗansa ke ɗaukar lokaci, wanda sanin fili da haɗin kai ke tasiri a cikinsa, ya fi yi wa irinmu adalci. Na biyu shi ne raba allo, wato mutum biyu ko fiye su zauna gaban talabijin ɗaya kowa da ɓangarensa. Da haka Halo ya yi suna, kuma da haka ake wasa a gidajen gem ɗinmu, inda na'ura ɗaya ke ɗaukar samari da yawa. Halo 5 ya cire wannan, aka yi ta kuka, har shugabar 343 ta lokacin, Bonnie Ross, ta yi alkawari a 2017 cewa za a dawo da shi. Duk da haka a 2022 aka soke raba allo na wasan labarin Infinite. An ce Campaign Evolved zai bar mutum biyu su raba allo a kan na'ura, kuma wannan abin a yaba ne.

Saboda haka kiranmu ga Halo Studios shi ne, a wasan gasa na gaba a mayar da tafiya ɗaya mai sauri wadda ba ta sauke bindiga, a zuba ƙugiya da sauran kayan tsalle-tsalle a fili a matsayin abin da ake faɗa a kansa, a kuma tsara filaye da wannan ma'auni tun ranar farko. In kuwa an ga dole sai an bar gudu, kada ya wuce yadda yake a Infinite. A riƙe raba allo a matsayin alkawari da ba a sake taɓawa. Ga masu gidajen gem kuma, shawararmu ita ce kada sunan Halo kaɗai ya sa a zuba kuɗi. A tambaya tukuna: mutum nawa ke iya bugawa a talabijin ɗaya, kuma yana tafiya ba tare da intanet ba?

A shekarar 2026 Halo ke cika shekara 25. Miliyoyin masu PlayStation da za su gamu da shi a karo na farko suna da wasannin gudu da zamiya fiye da yadda za su iya bugawa. Abin da ba su da shi shi ne irin faɗan nan na Halo 3, inda mutum biyu ke fuskantar juna da makami iri ɗaya, wanda ya fi natsuwa ya yi nasara. In an kai musu wannan, akwai dalilin da zai sa su zauna. In kuwa kwafin abin da ke hannunsu aka kai musu, za su taɓa su koma inda suka fito, kamar yadda aka gani a 2012. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.